Cika Maƙil Ba Gata Ba Ne: Yadda Za a Tsawaita Ran Batirin Laftof

  

Yau za mu taɓo abin da ya shafi aljihunmu. Maganar batirin kwamfutar tafi-da-gidanka ce, wadda muka fi sani da laftof. Ɗalibi yana da ita. Malamin makaranta yana da ita. Mai shagon buga takardu da ita yake neman abinci. Ma'aikacin ofis kuwa ba a magana. Kuma kusan kowa kukansa ɗaya ne: "Batirina ba ya riƙe caji." Da an zare caza, sai kwamfuta ta ɗauke ɗif.

Abin da nake so mu riƙe yau gajere ne. Abu biyu ke tsufar da batirin laftof kafin lokacinsa. Na farko, zama cike maƙil. Na biyu, zafi. In suka haɗu, ɓarnar ta fi sauri. Saboda haka, in laftof ɗinka a jone take wuni, kada ka bar ta tana zaune a ɗari bisa ɗari. Ka yi mata iyaka. Kashi 80 cikin 100 ya isa. Za ku ji ina ta nanata wannan magana, da gangan nake yi.

To, mu fara da abin da muka taso muka ji.

An ce mana, sabon batir sai an bar shi ya kwana a caji kafin a taɓa shi. An ce mana, kada a sake jona shi sai ya mutu murus. Wannan shawara ba daga iska ta faɗo ba, tana da asali. Baturan da, waɗanda ake yi da sinadaran nikel da kadmiyam, suna da wani hali. In ana yawan yi musu caji ba su ƙare ba, sai su riƙa nuna kamar ƙarfinsu ya ragu. Shi ya sa ake cewa a ƙarar da su tukuna.

Amma wancan zamanin ya wuce. A shekarar 1991 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da batirin litiyam kasuwa. Masana uku da suka share fagen samar da shi, wato John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Wannan batirin ne yake cikin laftof ɗinka a yau. Shi ne kuma yake cikin wayarka. Halinsa daban ne da na wancan. Ba ya son a ƙarar da shi ƙarƙaf. Ba ya kuma son a ajiye shi cike maƙil. Tsaka-tsaki ya fi so. In kiɗa ya canza, ai rawa ma sai ta canza.

Yanzu bari mu leƙa cikin batirin, mu ga dalili.

Batirin litiyam yana da gefe biyu. A tsakaninsu akwai wani ruwan sinadari. Ƙwayoyin litiyam, waɗanda ido ba ya gani, suna kaiwa da komowa ta cikin ruwan nan. In kana caji, sai su ƙaura su taru a gefe ɗaya. Wannan gefen galibi da girafait ake yin sa, irin baƙin abin nan da ke cikin fensir. In kana aiki da kwamfuta, sai su koma ɗaya gefen. Komawar tasu ce take ba ka wuta.

To ga inda gizo ke saƙa. Duk lokacin da batir ya kusa cika, ƙarfin lantarkin da ke cikinsa yana hawa. A ɗari bisa ɗari ya kai ƙololuwa. In ya daɗe a wannan ƙololuwa, ruwan sinadarin nan sai ya fara lalacewa a hankali. Wani ɓawo yakan riƙa taruwa a jikin gefen batirin. Ɓawon yana cinye litiyam. Wanda ya cinye kuwa ba ya dawowa. Kullum kaɗan, kullum kaɗan. Wata rana sai ka ga batirin da yake kai ka awa biyar, yanzu da ƙyar yake yin ɗaya.

Ku dubi robar da ake ɗaure kaya da ita a bayan babur. In ka ja ta daidai, ka ɗaure, ka kwance, za ta daɗe tana yi maka aiki. Amma ka ja ta iya ƙarfinta, ka bar ta a haka kwana da kwanaki a cikin rana. Ranar da ka kwance ta, za ka tarar ta saki, ta tsattsage. Haka batirin da aka bari cike cikin zafi yake.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata mu warware. Wasu suna tsoron cewa in aka bar laftof a jone, caji zai yi ta shiga har ya wuce kima. A'a. Kwamfutocin yanzu suna da na'urar da take tsayar da caji da zarar batir ya cika. Daga nan kwamfutar sai ta riƙa shan wuta daga caza kai tsaye. Don haka barin laftof a jone ba shi ne laifin ba. Laifin shi ne batirin yana zaune a ƙololuwa, mako da makonni, wata da watanni. Ku lura da bambancin. Jonawa ba ta da laifi. Zama cike maƙil shi ne matsalar.

Kuma kada wani ya ɗauka akwai batirin da ba ya tsufa. Babu shi. Kamfanin Apple ma ya faɗa cewa an ƙera baturan laftof ɗinsa, wato MacBook, na zamani ne su riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsu na asali bayan zagayen caji dubu ɗaya. Zagaye ɗaya shi ne ka yi amfani da abin da ya kai cikin batir guda, ko da rabi yau, rabi gobe. Tsufa dole ne. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu gaggauta shi.

Mu koma kan maƙiyi na biyu, wato zafi. A nan ne maganar ta fi shafarmu.

Zafi yana hanzarta duk wata lalacewa da ke faruwa a cikin batir. Kamfanin Apple ya gargaɗi masu amfani da kayansa cewa zafin da ya haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyas zai iya rage ƙarfin batir har abada. To, mai sauraro a Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yamai, ko Maraɗi, kai ka san yadda bazara take. Daga watan Maris zuwa Mayu, haura digiri 40 ba labari ba ne a wurinmu. Ke nan batirin da ke ƙasashenmu yana cikin wahalar da na ƙasashen sanyi bai sani ba.

Ku shiga ɗakin ɗalibi da rana tsaka. Rufin kwano ya ɗauki zafi. Laftof tana kan katifa, ko kan filo. Kafofin da take shaƙar iska ta cikinsu suna ƙasanta, kuma katifa ta toshe su. Fankar ciki tana ta ƙugi. Caza a jone, batir a ɗari bisa ɗari, ana kallon fim ko ana buga wasa. Ka sa hannu a ƙasanta, sai ka janye. A wannan lokacin maƙiyan nan biyu sun haɗu a wuri ɗaya. Ga cika, ga zafi.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A ɗora laftof a kan tebur, ko kan wani katako mai santsi. A ɗan ɗaga bayanta iska ta ratsa. Kada a bar ta cikin mota a rufe da rana. Bayan ƙurar hunturu, a kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya share fankar, domin ƙura tana toshe hanyar iska.

Yanzu sai tambayar da na san tana ran kowa. Yaya ake yi wa caji iyaka? Shin sai mutum ya zauna yana gadin kwamfuta, da ta kai 80 ya zare?

A'a, masu sauraro. Kamfanonin da ke ƙera kwamfutocin sun san wannan matsala. Yawancinsu sun sa hanyar da kwamfutar za ta tsayar da caji da kanta. Sai dai Windows ba ta da maɓalli guda da yake aiki a kan kowace kwamfuta. Kowane kamfani da tasa hanyar.

Mai Lenovo ya nemi manhajar Lenovo Vantage. A cikinta akwai tsarin adana batir, kuma a samfurin ThinkPad mutum zai iya zaɓar inda caji zai fara da inda zai tsaya. Mai Asus ya nemi MyASUS, inda a kwamfutoci da dama za a ba shi zaɓi ya tsaya a 80 ko a 60. Mai Dell ya duba Dell Power Manager, ko ya shiga saitin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. A can akwai zaɓi na musamman ga wanda kwamfutarsa a jone take wuni. Mai HP, musamman samfurin EliteBook da ProBook da suka cika kasuwanninmu, ya duba BIOS shi ma, ya nemi Battery Health Manager. Acer da Samsung su ma suna da nasu a cikin manhajojinsu. Kwamfutocin Apple kuwa, tun shekarar 2020 suna da tsarin da yake lura da yadda mai su yake caji, ya riƙe batirin a 80 in ya ga ba a cika zare caza ba.

In sunayen nan sun yi maka yawa, kada ka damu. Riƙe abu ɗaya. Ka je wurin mai gyaran da ka yarda da shi, ka ce masa: "Malam, ina so ka saita min caji ya riƙa tsayawa a 80." Aikin minti kaɗan ne. Bayan an saita, za ka ga caza a jone amma lambar ba ta wuce 80 ba. Kada hankalinka ya tashi. Ba lalacewa ta yi ba. Abin da aka umarce ta ne take yi.

In kuwa kwamfutarka tsohuwa ce, ba ta da wannan tsari, ba a rasa abin yi ba. Ka rage barin ta a jone dare da rana alhali ba ka aiki da ita. Ka riƙa zare caza kana aiki da batirin lokaci-lokaci. Ka kuma tsare ta daga zafi, domin wannan kam yana hannun kowa.

Wannan hikima ba ta tsaya a laftof ba. Wayoyin iPhone na baya-bayan nan da na Samsung suna da irin wannan iyaka. Masu ƙera motocin lantarki, irin su Tesla, suna shawartar masu yawancin motocinsu kada su riƙa cika batir maƙil a zirga-zirgar yau da kullum, sai in za a yi doguwar tafiya. Kuma ku tuna ranar da kuka buɗe sabuwar waya daga kwali. Ba a cike take zuwa ba, kuma ba a mace ba. A tsakiya take zuwa. Masu ƙera ta sun san cewa a nan batir ya fi samun hutu.

Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba. Ina jin muryar wani yana cewa: "Malam, wannan shawarar ta mutanen da wuta ba ta ɗaukewa a garinsu ce. Mu nan, in an kawo wuta awa biyu, ba mu san ranar dawowarta ba. Ka ce in tsaya a 80? Ragowar 20 ɗin nan ita ce za ta ƙarasa min aikin makaranta da daddare."

Wannan magana gaskiya ce, kuma ba za a yi watsi da ita ba. An yi batir ne don ya yi wa mutum aiki. Ba a yi mutum don ya yi wa batir bauta ba. Saboda haka amsar ta danganta da yadda kake amfani da kwamfutarka.

In kai mai shago ne, ko ma'aikacin ofis, kana da sola ko inbata ko janareto, laftof ɗinka tana kan tebur a jone daga safe har yamma, to kai wannan shawarar ta fi shafa. Ba ka buƙatar ɗari. Ka tsaya a 80. In ma kusan ba ka taɓa zare ta, 60 ya fi mata sauƙi.

In kuma kai ɗalibi ne, ko ke 'yar'uwa mai aiki daga gida, wuta tana zuwa tana tafiya, kuma da batirin kuka dogara, to ku cika shi. Ba laifi. Batirin da ya cika yanzu, aka fara aiki da shi bayan awa ɗaya ko biyu, bai zauna a ƙololuwa ba. Ɓarnar tana cikin daɗewa ne. Abin da za ku kiyaye shi ne zafi, da kuma barin sa cike kwana da kwanaki ba a taɓa shi ba.

Kuma iyakar nan ba ɗaurin rai-da-rai ba ce. Ana sa ta, ana cire ta. Ranar da za ka yi tafiya daga Kano zuwa Abuja, ko za ka wuni a taron da babu wurin caji, sai ka cire ta ka cika batirinka. In ka dawo, ka mayar.

Ga wani lissafi mai sauƙi. Batir mai lafiya da aka tsayar a 80 ya fi batirin da ya rasa rabin ƙarfinsa, ko da allo yana nuna masa ɗari bisa ɗari. Ɗarin batirin da ya gaji suna ne kawai. Wanda ya haƙura da kaɗan yau, ya tsira da mai yawa gobe.

Mu taɓa ɗaya ɓangaren a taƙaice, wato ƙarar da batir. Kada a mayar da shi al'ada a bar laftof ta mutu da kanta. In ta sauko kusan kashi 20, a nemi caza in da hali. Mafi muni shi ne a ajiye ta a mace. Batirin litiyam da aka bari babu caji wata da watanni yana iya ƙin tashi gaba ɗaya. In za a tafi dogon hutu, ko aikin Hajji, ko wata tafiya mai nisa, a bar batirin a wajen rabi, a kashe kwamfutar sosai, a ajiye ta wuri mai sanyi. In ajiyar ta yi tsawo, bayan wata shida a ɗauko a sake kai shi rabi.

A nan dole in ja hankalinku kan wani abu, kada a yi kitso da ƙwarƙwata. Wannan shawara ta batirin litiyam na laftof da waya ce. Batirin mota, da manyan baturan ruwa da ake haɗawa da sola ko inbata, waɗanda ake yi da dalma, halinsu akasin haka ne. Su cika suke so. In aka bar su a rabi suna lalacewa. Don haka kada wani ya je ya rage wa batirin solarsa caji ya ce a rediyo ya ji.

Yanzu ga gargaɗi mai muhimmanci, ku saurara da kyau.

Batirin da ya sha cika da zafi yakan tara iska a cikinsa, sai ya kumbura. Ga alamunsa. Wurin da kake goga yatsa ya ɗago, ko ya ƙi dannuwa. Madannan rubutu sun yi tudu a tsakiya. Marfin ƙasa ya buɗe baki a gefe. Ka ɗora laftof a kan tebur ka ga tana rawa, ba ta zauna daidai ba. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka zare caza, ka kashe ta. Kada ka danna kumburin. Kada ka soke shi da allura ko ƙusa wai iskar ta fita. Batirin litiyam da aka huda yana iya kama da wuta nan take, kuma hayaƙinsa guba ne. A kai wa mai gyara ya cire shi. Kada kuma a jefa shi a bola, inda yara ke tone-tone, inda ake cinna wa shara wuta.

Kafin mu rufe, ga kalma ɗaya ga mai shirin sayen laftof ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Da yawansu a ofisoshi suka yi rayuwarsu ta farko, a jone a kan tebur shekara da shekaru. Jiki fes, amma batir ya gaji. Kada ka tsaya ga kyan marfi. Windows tana da wani umarni mai suna powercfg da yake fitar da rahoton batir. Rahoton yana nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da ya rage masa yanzu. Ka ce mai sayarwa ya nuna maka. In tazarar tana da yawa, ka san ba da daɗewa ba za ka sake zare kuɗi. Sai ka yi ciniki da saninka. Ka tuna kuma cewa batir na asali yana da tsada, jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma a yawancin laftof ɗin yanzu a ciki yake ɗaure, ba kamar na da ba da ake zarewa da hannu.

To, masu sauraro, mu tattara. Batirin laftof ba ya son zama cike maƙil. Ba ya son zafi. Ba ya son a bar shi a mace. In kwamfutarka a jone take wuni, ka yi mata iyaka a 80. In da batirin ka dogara saboda rashin wuta, ka cika shi, ka yi aiki da shi, ka tsare shi daga zafi.

Ina roƙonku, yau ɗin nan, kowa ya buɗe laftof ɗinsa ya duba saitin batir. Wanda ya gane, ya nuna wa ɗan'uwansa. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku ɗalibai su sauke kwamfuta daga kan katifa. Masu gyara, ku riƙa saita wa abokan cinikinku wannan iyaka, ku yi musu bayani. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin kyauta ne.